Wasan da ya kashe Yaya Isiyaku

Da wannan daminar shekara talatin ke nan da aka kashe yayana Isiyaku. Na ce aka kashe, ban ce ya rasu ba, domin na gaji da lulluɓe maganar. Mutane ne suka taru suka doke shi da sanduna da ƙotar fartanya, wai ya ɗaure musu ruwan sama, kuma maganar daga bakina ta fita. Abin da na kasa faɗa wa iyalinsa ke nan duk tsawon shekarun nan.

Yaya mai gyaran rediyo ne a unguwar Kurmin Sarki da ke Suleja, amma rediyo sana'a ce kawai, hankalinsa yana sama. Yana da tsohuwar kyamara mai fim da ya saya a hannun wani ɗan Kudu mai shagon hoto. Mutane na ɗaukar amare da taron suna, shi gajimare yake ɗauka, da walƙiya, da bakan gizo. Ya kafa gwangwanin madara a kan turke a tsakar gida, duk safiyar da aka yi ruwa sai ya tsoma rula ya rubuta a littafi, har da inda iska ta fito. Matarsa, Yaya Hajara, ba ta shanya sai ta tambaye shi. In ya ce kwashe, to kwashe kawai.

Ni kuwa bakina ba ya zama shiru. Taki da maganin feshi nake sayarwa, ina bin kasuwannin ƙauye ta hanyar Gawu a kan babur. Shekarar, ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, sai ya ɗauke ɗif kusan mako uku. Masara ta fara nannaɗewa. Kullum da la'asar hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, ya yi ta rugugi, sai iska ta taso ta watsa shi. Lokacin kuma ana ta gina Abuja, kowa ya yarda cewa 'yan kwangila na ɗaukar masu ɗaure ruwa don kada a ɓata musu siminti.

Akwai wani ƙauye mai tudu a bayan kasuwarsa. Ran kasuwa Yaya yakan biyo ni, ya haye tudun don babu abin da ke tare masa gabas. Wata rana wani manomi da ke sayen taki a wurina ya ce, “Wai me ɗan'uwanka yake yi a can da akwatin nan?”

Na ce, “Ai shi ke kwashe muku hadarin. Da ya danna hadarin ya shige akwati, sai ya kai wa 'yan kwangila.”

Na yi dariya, mutum biyu suka taya ni. Mai tambayar bai yi ba. Wallahi na lura bai yi ba, na ci gaba da awon takina.

Kasuwar da ta zagayo, hadari ya haɗu ya sake watsewa, sai na ji ihu daga tudun. Ko da na isa sun kai shi ƙasa. Sun fi mutum ashirin, har da dattawan da nake durƙusawa in gaisar. Ya sa hannu ya kare kansa, suka karya hannun. Wani ya ɗaga dutse ya sauke masa a haƙarƙari, na ji ƙarar. Jini ya rufe masa fuska har ban ga idonsa ba. Na faɗa kansa ina cewa, “Wasa nake yi, ni na faɗa, ƙarya ce!” Suka fincike ni, wani ya zubar mini da haƙora biyu. Sannan suka fasa kyamarar, suka zaro fim ɗin suka miƙar da shi a rana don hadarin ya fita.

Kwanansa uku a asibiti ya cika. A rana ta biyu aka yi ruwa da iskar da ta yaye rufin gidaje a Suleja, ta karya bishiyoyi, ta tafi da katangar maƙwabcinmu. Na buɗe littafinsa daga baya, na tarar ya rubuta cewa iska ta juya, ruwa ba zai wuce kwana uku ba. Mutanen ƙauyen kuwa cewa suka yi kun gani, an fasa akwati ruwa ya sauko. An kama mutum huɗu, kafin sadakar arba'in suna gonakinsu suna noma. Har yau in na tuna sai fushi ya taso mini, kuma rabin fushin da kaina nake yi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Yau kowa na da kyamara a aljihu, hadari na haɗuwa za ka ga matasa a unguwar Chaza sun ɗaga waya sama, ba mai ce musu ƙala. Wayar ma takan ce gobe za a yi ruwa. Na san zai yi mata gardama, ya fita ya dubi gabas da kansa. Amma wayar nan ita ce kuma ke kawo mana hoton mutum a ƙasa ana dukansa a kan wani ya ce wani ya ce. Ba mu canja ba, saurin yaɗa maganar ne ya ƙaru.

Abin da ya bari ba shi da yawa: kwali ɗaya na hotunan sama, littattafai shida, da 'yarsa Bilkisu, wadda take goye sa'ad da aka kashe shi. Yaya Hajara ta rasu bara ban faɗa mata ba. Shi ya sa kafin in aika wannan rubutu na tafi gidan Bilkisu, na zauna a tabarma na faɗa mata komai, ban rage ba.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, “Baffa, ai mun sani. Baba ya ji abin da kake faɗa a kan tudun. Ya gaya wa Inna a asibiti, ya ce kada wanda ya taɓa tayar maka da maganar, abin da ka gani ya ishe ka.”

Shekara ashirin da tara ina shiga gidan Yaya duk Juma'a. Yaya Hajara ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo mini tuwo da hannunta, ta tambaye ni ya kasuwa.