Sunan da Umma ba ta kira

Rifkatu ce ta shigo da littafin nan cikin gidanmu. Gidan haya ne a Unguwar Shanu, ɗakinsu na kallon namu, babanta ma'aikacin ofis ne mai yawan sayo mata littattafai. Wannan kuwa labarin wata budurwa ne da ta yi ta bin diddigi har ta gano cewa waɗanda suka raine ta ba su suka haife ta ba. Damina ce, wuta ba ta zama, don haka da an idar da magariba sai mu taru a barandar kakata Inna. Ita tana gasa masara a kan gawayi, Rifkatu tana karantawa da tocila tana mayar mana da Hausa.

Kowa da ra'ayinsa. Rifkatu ta ce yarinyar jaruma ce. Ƙanena Sadiƙu ya ce shi tun babi na biyu ya gano komai, alhali rabin littafin a barci ya same shi. Inna kuwa taɓe baki ta yi.

"Wannan 'yar akwai shisshigi. Ana ba ta tuwo, tana leƙen ƙarƙashin gado."

Ni kuwa na riga na fara nawa binciken. Shekarata goma sha ɗaya, ban taɓa jin Umma ta kira sunana ba. Daga "ke" sai "waccan". Sadiƙu a cinyarta yake birgima, ni a ɗakin Inna nake kwana. Na san ana cewa kunyar 'yar fari ce, amma Rifkatu ma ai 'yar fari ce, kuma in mamanta ta ƙwala mata kira har layin baya sai an ji. Na haɗa hujjojina na yanke hukunci: tsinto ni aka yi.

Ranar da aka gama littafin na kasa cin masara. Inna ta dube ni ta ce, "Ƙawata, wa ya taɓa ki?" Sai na fashe da kuka, na ce a gaya mini wace ce uwata. Sadiƙu ya tuntsire da dariya, Inna ta make shi da mafici. Ba ta rarrashe ni ba. Ta juya masararta ta ce, "To, ga tawa tatsuniyar ta taso, ku tare ta."

Wai a wani gari akwai tsuntsu mai kunnen tsiya a kan tsamiya. Ba ya cin hatsi, abin da mutum ya fi so yake ɗaukewa, kuma daga bakin mutum yake ganewa. Wanda ya yabi akuyarsa sai ya wayi gari babu akuya. Wata mata ta haifi 'ya, ta dube ta sau ɗaya, ta kawar da kai. Tsuntsu ya yi ta kasa kunne, bai ji suna ba, bai ji kirari ba. Ya ce wannan ba ta da mai so, ya tashi ya bar garin.

"Sai me ya faru da 'yar?" in ji ni.

"Sai ta girma mana, ga ta nan tana ɓata mini masara da majina. Ranar da aka haife ki ina tsaye. Uwarki ta sha wuya har ta suma. Da ta farfaɗo ba ruwa ta nema ba, cewa ta yi, 'Tana numfashi?'"

Ban gamsu ba a lokacin. Na fi son ƙarshen littafin, inda aka rungume juna ana kuka. Umma tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta tana jin komai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Inna ta daɗe da rasuwa, gidan ma an rushe shi an yi shaguna, kuma har yau ƙamshin gasasshiyar masara kewarta yake tayar mini. Da na haifi 'yar farita a Katabu, aiki ya hana ni zuwa wankan gida, sai Umma ta zo. Maƙwabciyata ta tambaye ta wajen wa ta sauka, ta ce, "Wajen uwar jaririyar nan." Na yi dariya, amma abin ya sosa mini rai.

Wata asuba na tashi ba da nono, na jiyo ta a kan sallaya tana magana ƙasa-ƙasa: "Ya Allah, Bilkisu. Ka ba Bilkisu lafiya. Ka raya wa Bilkisu abin da ta haifa."

Na tsaya a bayan ƙofa da jaririya a kafaɗa, na ƙi ko motsi, kada ta ji ni ta daina.