Baƙin Batir

An ɗauko mu fentin katangar wata firamaren gwamnati, ta waje kaɗai, saboda manya za su wuce. Ta taga nake hango wata malama siririya, ta naɗe hannun riga, tana fasa tsofaffin batura tana goga baƙinsu a allo. Allon ya koɗe, yara sun fi tamanin, na baya ba sa ganin rubutu. Ina tsammanin gida-gida ta bi ta tara baturan nan.

Ta leƙo. "Malam, ko baƙin fenti ya ragu?"

Oganmu ya ce na katanga ne.

Ba ta roƙa ba, ta koma kan allonta. Ni kuwa ga ni nan, raina a ɓace, ina rubuta "Ilimi gishirin zaman duniya" da fentin da ta nema.