Tukunyar da Na Ɓoye a Lakwal

Na daɗe ina koyar da tarihi a wani kwaleji a Dogon Dutsi, kuma darasin da na fi so shi ne na Girkawa da Romawan da. Yaƙe-yaƙensu ba su dame ni ba, labaransu nake so, don ban taɓa ganin matsorata irinsu ba. A labaran nan mutum zai yi wa duk abin bautarsa yanka ya manta da guda ɗaya, shi ke nan ya jawo wa kansa. Jirginsa ya nutse, shanunsa su mutu, wata matsafiya ta mai da shi dabba, ya yi ta gararamba a duniya har sai ya dawo ya durƙusa ya nemi gafara. Kowane gidan Barome kuma yana da ɗan lungun iskokin gida, ana zuba musu abinci, in za a ƙaura a tafi da su. Da dariya nake ba da wannan, yara na ƙyaƙyatawa. Ban taɓa gaya musu cewa gidan da aka haife ni, wajen Dumega, akwai irin wannan lungu a gindin rumbu ba.

Wata 'yar baƙar tukunya ce, ba ta fi ƙoƙon fura ba, a kife bisa dutse. Ta Doguwa ce, iskar da gidanmu ya gada. Babanmu yana salla, amma kafin shuka sai ya zuba mata farau-farau, ya yi 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Da ya rasu, gidan ya koma hannun ƙanena, mai sayar da kayan babur, mutum mai riƙo da addini. Ya ce ba zai kwana gida ɗaya da shirka ba, ko a fitar da ita ko ya fasa ta. Ban ga laifinsa ba, shi dai ya san inda ya tsaya.

Gwaggo, yayar babanmu, ta ja ni bayan rumbu, tukunyar na naɗe cikin tsumma.

“Mushe,” wato malamin boko da Faransanci, haka take kirana in za ta ɗora mini kaya, “kai za ka tahi da ita. Ɗan boko ba a bincikar jikkarshi. Ba ta son komi, ruwan hatsi ɗai, in damana ta kusa. Ka iya?”

“Na iya, Gwaggo.”

Ban iya ba. Kunyar tsohuwa ce ta sa na karɓa.

Matata na buɗe jakar ta ce ba dai a ɗakin da 'ya'yanta ke kwana ba. Na yi tunanin jefa ta rijiya, hannuna ya ƙi. Ƙarshenta na kai ta lakwal, wato makarantarmu, na tura ta can ƙuryar kabad ɗin ɗakin malamai, bayan tsofaffin taswirori.

Daga ranar na rasa sukuni. Damana ta zo, ban zuba komai ba. Ta yaya ma? Ni da nake jan malamai sallar azahar wani lokaci, a gan ni tsugune gaban kabad da ƙoƙo? Sai babur ɗina ya fara mutuwa a hanya. Akuyarmu ta ɓarar da ciki. 'Yata ta kwanta zazzaɓi. Na san sauro ne, wane yaro ne ba ya kwantawa da damana? Amma kaina cike yake da labaran mutanen da suka manta da yanka ɗaya. Karatun bai cire mini tsoro ba, misalai ya ƙara mini. Sai in baro aji in zo in buɗe kabad, in leƙa, in rufe, in koma, ban san abin da nake nema ba. Ina jin haushin Gwaggo, ina jin haushin ƙanena da ya huta, na fi jin haushin kaina.

Gwaggo kuwa duk sanda ta sami wayar maƙwabta sai ta kira.

“Ka ba ta ruwa?”

“Na ba ta, Gwaggo.”

“Madalla. Allah shi yi ma albarka.”

Albarkar nan ta fi zagi ciwo.

Wata rana muna kan darasin gidan Romawa, aji ya yi sanyi, yara na hamma. Ban san abin da ya hau kaina ba, na je na ɗauko tukunyar na ɗaga ta sama. Na ce ga irin abin da Romawa ke ajiyewa a lungun gida, wai kwaikwayo ne na sayo a Yamai. Ta bi hannu-hannu har bencin baya, ana ƙwanƙwasa ta, ana leƙa cikinta. Yanzu na gane so nake ta zama kayan aiki kawai, kamar taswira, in daina tsoronta. Kuma dabarar ta ci, don na sami barci. Na bar ta a kan teburin ɗakin malamai, ban ƙara bi ta kanta ba.

Bayan girbi aka kawo Gwaggo likita saboda idonta, ta sauka gidana. Ranar Asabar da hantsi ta yafa mayafi.

“Kai ni in gaishe ta.”

Na ce lakwal a rufe take. Ta ce mai gadi ba shi da mabuɗi? Na ce rana ta yi zafi. Ta ce ita da ta yi noma a cikinta? Haka na goya ta a babur, ina fatan ya mutu a hanya kamar yadda ya saba. Ranar lafiya lau ya kai mu.

Tukunyar na kan tebur, bakinta sama. Abokan aikina sun mai da ita mazubin guntayen alli, ta cika fal, ta yi fari fat da gari. Gwaggo ba ta gani sosai, don haka da hannu ta gane. Ta shafa gefen, ta zura yatsu ciki, ta tsaya.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna a ƙasa, ta fitar da allin ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a gefe, kamar kada ta ɓata kayan mutane. Ta goge tukunyar ciki da waje da bakin mayafinta. Ta nemi ruwa, na ɗebo a randar malamai. Ta kife tukunyar, ta zuba kaɗan, ta yi magana da ita, ina ji.

“Ki yi haƙuri. Ba laihin yaro ba na. Ni na ba wanda bai iya ba.”

Sannan ta ɗago wajen da take jin numfashina.

“Da ka hwaɗa min ba ka iyawa, ai da na bizne ta da hannuna, in san inda take.”

Ta naɗe ta cikin mayafin, ta miƙo mini, don ba ta da inda za ta kai ta. Ta koma gida kanta ba lulluɓi, sai ɗankwali.

Gwaggo ta ƙara damana biyu a duniya. Takan kira, ta tambayi yara, ta tambayi matata, har babur takan tambaya. Nakan riƙe wayar ina jira ta tambayi tukunyar, ko a wannan karon in faɗi gaskiya. Har ta rasu ba ta sake tambayata ko na ba ta ruwa ba.

Yanzu an yi mini canjin wurin aiki zuwa Tibiri. Na ɗaure littattafai, na mai da mabuɗan aji. Saura mabuɗin kabad, yana aljihuna kwana huɗu ke nan, darakta na ta aike. Tukunyar na ciki, cikin mayafin Gwaggo. Kullum in na je sai in buɗe, in tsaya, in rufe, kuma babu sauran wanda zai tambaye ni.