Awon Ƙarfin Motata

Shekarar da aka mayar da ni aikin ungozoma a wani asibitin ƙauye yamma da Katsina, na sayi tsohuwar mota hannun wani dillali a Ƙofar Kaura. Hanyar ƙauyen ba a tsayawa a kanta. Kowa ya san 'yan bindiga kan ɓullo daga daji bisa babura, kuma direbobi suna cewa, bayan kiyayewar Allah, abin da ke fid da mutum shi ne motar da ke zabura da an taka ta. Shi ya sa tambayata ta farko ga dillalin ita ce ƙarfin injin.

Ya buɗe littafin motar ya ɗora yatsa kan wani layi. "Hajiya, ƙarfin doki ɗari da wani abu. Kamfani ya auna, ba ni ba."

Na kai maganar ga kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya tsufa a tuƙin motar haya. Ya ce wannan awon na ranar da aka ƙera ta ne. "Doki ma tsufa yakan yi, ɗiyata."

Ya kai ni wurin bakanikensa a bayan hasumiyar Gobarau. Bakaniken ya ce awo na gaskiya sai da wata na'ura da ake ɗora mota a kai, tayoyi su yi ta gudu wuri ɗaya, amma shi a waya kawai ya taɓa ganinta. Abin da yake da shi geji ne mai allura, na auna matsin kowace silindar inji. Ya riƙa kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura gejin a ramin, ni ina murɗa makulli. Sau uku allurar ta hau sama. A rami na huɗu ta tsaya a hanya.

"Wannan silindar ta yi sanyi," in ji shi. "Amma za ta kai ki."

Kawu bai gamsu ba. Ya ce geji ciwo yake nunawa, ba ya faɗin abin da mota za ta iya ja. Nasa awon kaya ne da agogo. Muka ari buhu uku na gero wurin abokinsa a Babbar Kasuwa, a madadin abokan aikin da zan riƙa ɗauka, muka fita bayan gari da hantsi, zuwa wani wuri mai ɗan hawa. Zan tsaya cak, in taka, shi ya ƙidaya daƙiƙoƙi a agogo har allurar maleji ta kai tamanin.

Mun yi sau ɗaya, ya girgiza kai. Na juyo na tsaya gefen titi don a sake. Sai na hango su a madubi: babura huɗu, kowane da mutum biyu, fuskoki a naɗe, sun fito daga wata 'yar hanya cikin gonaki.

"Kawu."

Ya waiga sau ɗaya. "Taka. Kada ki kalle su."

Na taka totur har ƙasa. Motar ta yi gurnani ta soma hawa kamar mai ciwon baya. Na sa giya ta biyu. Ina jin nauyin buhunan nan a ƙirjina. Bakina yana Innalillahi, zuciyata tana wurin 'yata da na bari hannun maƙwabciya ba tare da na gaya mata inda za ni ba.

Suka cim mana. Ɗaya ya jera da tagata, na bayansa yana saɓe da wani dogon abu a naɗe cikin bargo. Ya leƙo ya dube ni, ya dubi buhunan. Idanunsa kaɗai na gani. Daga nan suka wuce, suka karya dama, suka shige daji.

Har yau ban san su wane ne ba. Kawu ya ce ƙila 'yan sa-kai ne, ƙila makiyaya ne za su kasuwa, amma muryarsa ba ta yarda da shi ba. Shi ya tuƙo mu gida.

Washegari aka sauke injin aka canza ringin silindar nan da ta yi sanyi. Da Kawu ya ce a koma a sake awon, na ce a yi shi cikin gari. Ranar Litinin na ɗauki abokan aikina uku muka kama hanyar asibiti. Suna ta hirar wata mai naƙuda da suka kwana biyu suna fama da ita, ni idona yana kan madubi har sai da na kashe mota a gindin darbejiyar asibitin.