Dattijo Mai Jar Mota

A filin bayan kasuwar Gashua, wani dattijo mai furfura yana durƙushe yana rage iskar tayar jar motarsa, mai ƙofa biyu, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. Wasan zamiya da mota yake koyo. Da alama ya shekara talatin yana lallaɓa lodin shinkafa zuwa Nguru, yanzu yake ramawa.

Ya tattare babbar riga, ya yi bisimilla, ya ba ta wuta, ya fizgi birkin hannu. Motar ta zame a karkace, ta tsaya daf da shanyar barkonon wata mata.

Ta dafe ƙirji. "Haba Alhaji, da girmanka!"

Ya leƙo yana haki. "Yi haƙuri, Hajiya. Ni idona a rufe yake. Ke da kika gani, ta juya kuwa?"