Ranar da Injin Surfani Ya Ƙi Ni

Na sha wahala a rayuwata, amma ta makon nan ba zan manta da ita ba har a binne ni.

Bayan sojoji sun koma bariki, masaƙar da nake aiki ta sallame mu, na buɗe shagon ɗinki a Sabon Tasha. Da tafiya ta yi tafiya na sayi injin surfani tokumbo, wato na hannu, mai aiki da kwamfuta. Ni ban wuce firamare ba. Babbar 'yata Rahila ce ta haɗa min manhajar da ke juya zane ya koma ɗinki. Ta ce akwai wani rumbu a intanet da masu irin aikinta ke ɗebo gutsattsari kyauta su harhaɗa.

Matan zumunta na cocinmu suka kawo ɗankwalayensu in sa musu tambari kafin taron Asabar. Shugabarsu ta tsaya min, don wasu sun so a kai wa wani tela a Kamazou. Ranar Alhamis da hantsi, na yi rabi ke nan, kwamfuta ta daina yi wa injin magana.

Na kwance injin, lafiyarsa ƙalau. 'Yata ta baro ofis ta zo, ta duba kwamfutar.

"Baba, guntu ɗaya a cikin manhajar ba namu ba ne. Na wani kamfani ne, sun rufe shi."

"To buɗe ki gyara mana."

"Ba ya buɗuwa. Sauran duk ana ganin cikinsu, shi kaɗai ne a kulle. Na gan shi a rumbun tare da su, ban karanta sharaɗinsa ba."

"Wato ɗan haya kika sa min a ɗaki, ya tafi da makulli?"

Ta ce rubuta madadinsa sai ta yi mako biyu.

Da yamma shugabar ta leƙo. "Baban Rahila, ina fatan ba za ka kunyata ni ba?" Na ce ta zauna, na gaya mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

Abin da aka ba ka kyauta amma aka hana ka ganin cikinsa, aro ne. Na koyi wannan da furfura a kaina.

Washegari na ɗaure ɗankwalayen, na shiga Keke Napep, na kai su Kamazou da hannuna. Na tsaya a ƙofar telan nan, na roƙe shi ya gama kafin Asabar.