Alif da Hannun Hagu

Kullum da hantsi tela yana ganin wani dattijo a rumfar mai rubutun larabci da ke jikin shagonsa. Hannunsa na dama yana kwance a cinya kamar ba nasa ba, amma yatsun da kantar alƙalami. Tela yana zaton da can dattijon ne ake zama a gabansa a koyi rubutu. Yanzu da hagu yake neman rubutunsa ya dawo.

Ran nan dattijon yana jan alif, layin yana karkacewa.

"Baba, wannan ai ƙugiya ce," in ji mai rubutun, yana dariya.

Dattijon ya miƙa masa alƙalamin. "Ɗana, fiƙar masu rubutu da dama ka yi masa. Juya bakin."

Mai rubutun ya duba. Dariyar ta tsaya. Ya gyara zama, ya ɗauko wuƙa.